"Ba za mu ɓata ba": wa ke yanke kuɗin ɗan ƙwadago a Damagaram?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar lebura a garin nan ya san wannan maganar. Katanga ce ta zube, ko ramin masai za a haƙa, ko yaɓen soro ake so a yi kafin ruwa ya sauka, ka kira mutum ka nuna mashi aikin ka ce Malam nawa za ka yi mani, sai ya sunkuyar da kai yana murza hula ya ce haba Alhaji mu fara dai, ai ba za mu ɓata ba. Wani lokacin kuma mai gidan ne da kansa yake riga shi faɗa, kama aiki kawai ɗan uwa, ni da kai ba za mu ɓata ba. Kowa ya yi murmushi a wuce wurin. To wallahi a ganina mafi yawan rigimar da ake yi da magariba a ƙofar gida, wadda har maƙwabta ke fitowa ba da haƙuri, daga wannan murmushin na safe take farowa.

Dalili kuwa a fili yake. Da safe kafin a sa diga a ƙasa, mutum biyu ne kowa da abin da yake riƙe da shi, kai kana da kuɗi shi yana da ƙarfi, in ba ku daidaita ba sai ya ɗauki shebur ɗinsa ya yi gaba. Amma da yamma fa? Ƙarfin ya riga ya shiga cikin katangarka, ba ya iya zare shi ya tafi da abinsa. Kuɗin kuma suna nan cikin aljihunka. Duk abin da ka miƙa mashi dole ya karɓa, in ya yi magana a ce ba shi da godiya, in ya yi shiru ya tafi gida yana ƙunar rai. Kenan kunyar nan da muke yabo, wadda ke hana a faɗi farashi tun farko, kusan kullum mai ƙaramin ƙarfi take ci. Kuma abin mamaki addininmu bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san wurin da aka ce ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, tana halatta in an yanke mata lokaci kuma an ambaci lada. Wato a san kwana nawa ko wane aiki, a san nawa. Ashe "ba za mu ɓata ba" ba ladabi ba ne, ciniki ne da aka bar shi a duhu.

To a ce mun yarda za a faɗi kuɗi tun safe. Nawa za a faɗa? Nan ne fa gizo ke saƙar.

Abin da kowa ke yi shi ne ya tambayi maƙwabci, kai nawa ka biya naka. Sai a ce yanzu lebura kaza ake ba shi a wuni, maso, wato magini, kaza. Shi kenan an samu hujja, farashin gari. Ni ban ce a yi watsi da farashin gari ba, dole daga nan ake farawa, amma ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu wane ne ya yanke shi. Ba sarkin magina ba ne, ba gwamna ba ne, ba wata ƙungiya ba. Yunwa ce da yawan masu nema. Duba yadda yake hawa yana sauka cikin shekara. Da an gama kaka an ɗaure hatsi, wajen watan Nuwamba zuwa gaba, samari da magidanta sai su fara kwararowa cin rani daga ƙauyukan Mirriya da Magariya da Kance da Dungas da Tanut, kowa da ɗan ƙullinsa, ka gan su da sassafe sun jeru a bakin hanya da shebur da diga, ko suna zagaya unguwanni suna leƙa duk inda suka ga an zube yashi. A wannan lokacin in ka ce kana son mutum biyu, goma za su taso, kuma in ka rage kuɗin da rabi ma za ka samu wanda zai ce to. Sai damina ta kama, Yuni zuwa Yuli, kowa ya koma gonarsa, a lokacin ne kuma rufin ƙasa ke yoyo katangu ke faɗuwa, sai ka nemi lebura ka rasa, wanda ka samu ya ja maka rai. Aikin ɗaya ne, nauyin kwanon kwaɓi ɗaya ne a watan Janairu da watan Agusta, abin da ya canza kawai shi ne mutum nawa ne ke tsaye bayansa suna jiran ya ƙi su karɓa.

Ga kuma wani abu da ya ƙara cika garin da masu neman aiki. Da can saurayi in ya gama kaka Kano yake nufa ko Legas, ya yi watanninsa ya dawo da naira ya canza ya sayi akuya ya yi ɗinkin salla. Tun da naira ta faɗi a 2023 har jika guda, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000, wannan lissafin ya rikice, abin da mutum zai tara a can in ya kawo gida ya canza ba ya taka kara ya karya. Ga rufe iyakar Nijar da Najeriya da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda bai sassauta ba sai cikin 2024. Wasu sun bi arewa, Agadas da wuraren zinariya da Libiya da Aljeriya, amma da yawa nan suka tsaya cikin Damagaram suna neman na tuwo. Yawan hannu kuwa yana karya farashi, ko na tumatir ne a Kasuwar Dole ko na gumin ɗan Adam.

Shi ya sa nake cewa farashin gari yana gaya maka mafi ƙarancin abin da za a karɓa ne, ba ya gaya maka abin da ya dace. A nemi wani ma'aunin a haɗa da shi.

Ma'auni na farko da ke hannu shi ne na gwamnati. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda ma'aikata ke ce ma SMIG, ya daɗe yana sefa 30,047 a wata tun 2012, sai daga farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa 42,000. In ka raba 42,000 gida 26, wato kwanakin aiki na wata in an cire hutun mako, za ka samu wajen 1,615 a rana. Na ji wani ya yi wannan lissafin a majalisa yana murna, wai ashe shi da yake biyan jika biyu har ya fi gwamnati adalci. Amma ya manta abu biyu. Na ɗaya, dokar aiki ta 2012 awa 40 ta sa a mako, lebura kuwa da ya fara ƙarfe 7 na safe ya tashi gab da magariba ya wuce awa 8 nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne babba, mai albashi yana da tabbacin kwanakinsa 26, ɗan ƙwadago ba shi da tabbacin gobe. Yau ya samu, gobe ya wuni a bakin hanya har azahar ba wanda ya kira shi, jibi mai gidan ya ce siminti ya ƙare a dakata. A ce cikin wata ya yi sa'a ya samu kwana 15. Kafin ya kai 42,000 ɗin nan sai an biya shi 2,800 kowace rana. Ka ga kenan jika biyun da ake tutiya da ita ba ta ma kai shi ƙasan tsani ba. Kuma shi ba ya cikin CNSS, asusun inshorar ma'aikata, ba fansho, in ya faɗo daga kan soro ya karye ba wata takarda da za ta biya shi. Kuɗin wunin da ka ba shi su ne albashinsa, su ne hutunsa, su ne kuɗin likitarsa.

Ma'auni na biyu ni na fi yarda da shi, don shi ne wanda iyayenmu suka sani tun kafin a zo da takardu, wato tiya. Kafin ka yanke wa mutum kuɗi ka tambayi uwargida ko ka leƙa kasuwa ka ji nawa tiyar hatsi take yau. Magidanci mai mutum 6 ko 7 a gida, in ana so a ci tuwon dare a sha fura da rana ba a yi ta maneji ba, tiya biyu ba ta yi yawa ba. A ce tiya tana dala 140, wato sefa 700, biyu sun kama 1,400. Ba a yi niƙa ba, ba a sayi icce ba, ba kuka ba daddawa ba gishiri, ba a sayi ruwa ba, ruwa kuwa a garin nan kowa ya san ba kyauta ba ne. To in ka ba shi jika ɗaya da rabi ka sallame shi, hatsin ranar kaɗai ka saya mashi, ranar da zai wuni bai samu aiki ba kuma sai dai a kwana da haƙuri. Abin da ya sa nake son awon tiya shi ne yana tafiya da zamani da kansa. Shekarar da hatsi ya yi tsada kuɗin lebura ya kamata su bi shi, ba wai ka riƙe farashin da ka biya shekara 4 da suka wuce kana cewa ai haka na saba ba. Mu kanmu in muka je wurin mai shago ba ya sayar mana da shinkafa a farashin da muka saba. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar esansi zuwa 499, a Oktoba kuma ta karya farashin siminti, kowa ya ji a rediyo, amma kuɗin wanda zai kwaɓa simintin ba a rediyo ake faɗarsu ba, tsakaninka da shi da Allah ne.

Sai maganar biyan wuni ko jinga, wadda ita ma ba ta da amsa guda. Biyan wuni yana kare lebura, ko aikin ya yi tauri ko ya yi sauƙi kuɗinsa suna nan, amma kowa ya san cutarsa, in ba ka tsaye a wurin aikin kwana 3 sai ya zama na 6, a yi ta shan shayi ana jiran inuwa. Jinga kuma tana kare mai gida, ka san abin da za ka kashe, sai dai tana sa gaggawa, a yi maka yaɓe sama-sama ruwan farko ya wanke. Abin da za ka iya ƙirgawa ko aunawa jinga ta fi dacewa da shi, buga bulo guda kaza, ɗebo yashi amalanke kaza, katanga mai tsawo kaza. Abin da ba wanda ya san cikinsa sai an buɗe, kamar gyaran tsohon ɗaki a unguwar Birni da ba ka san ko azara ta ruɓe ba sai an ɗaye rufin, wannan biyan wuni ya fi zama adalci.

Haƙan rami shi ne babban misali, kuma a nan ni kaina na taɓa yin kuskure. Damagaram a kan dutse take zaune, duk wanda ya ga manyan duwatsun da ke tsakiyar gari ya san ƙasan ma haka yake, shi ne ma tushen wahalar ruwanmu da ta sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Shekarun baya na yi jinga da wasu mutum biyu su haƙa mani ramin masai, muka yanke kuɗi bisa zurfin da nake so, kowa ya yarda. Rana ta farko ƙasa ta yi ta fita kamar gari. Rana ta biyu da hantsi diga ta fara ƙara tana fitar da wuta. Kwana 4 suka yi suna sassaƙar abin da bai kai kamu uku ba, hannun ɗaya duk ya fashe. Da suka zo suka ce Alhaji a duba mana, abin da ya fara fitowa bakina shi ne ai mun yi magana, jinga jinga ce. A bisa ƙa'ida kam ina da gaskiya. Mahaifiyata ce da ke zaune a tsakar gida tana jinmu ta kira ni ciki ta ce kai da su wa ya san akwai dutse a wurin? Na ce ba kowa Inna. Ta ce to me ya sa su kaɗai za su ɗauki asarar, filin naka ne ko nasu? Ban samu abin cewa ba. Tun daga ranar in zan yi jingar rami sai na faɗa tun farko, kuɗin nan na ƙasa mai taushi ne, in aka tarar da dutse mu koma biyan wuni ko mu sake magana. Jimla guda ce amma tana raba gardama.

Akwai kuma inda mu masu gida ba ma gani ko kuma muke kawar da kai. Yawanci ba kai ne kake ɗauko lebura ba, maso kake kira shi kuma ya zo da yaransa, ka ba shi kuɗin kowa a dunƙule. Maso ya fi lebura kuɗi wannan ba gardama, shekaru ya yi yana koyo, shi ke riƙe da igiya da ma'auni, in katanga ta karkace sunansa ne ya ɓaci. Amma sau nawa ka taɓa tambayar yaron da ke ɗauko kwaɓi nawa ke isa hannunsa? Wani mason mai tsoron Allah ne, abin da ka bayar shi yake miƙawa. Wani kuwa zai karɓi jika biyu da rabi da sunan yaro ya ba shi jika ɗaya da dala ɗari ya ce ai koyon sana'a yake. Ba sai ka yi rigima da kowa ba, ka faɗi kuɗin kowa a gaban kowa da safe, Malam naka kaza, yaran nan kowane kaza, shi kenan ka toshe ƙofar. In mason ya ɓata rai a kan wannan to ka san akwai abin da ke ƙasa.

Abinci fa? A al'adarmu wanda ke aiki a gidanka ba ya wuni da yunwa, ana fito mashi da fura ko abin da aka dafa, kuma da can ba a lissafa shi cikin lada. Yanzu da rayuwa ta yi tsada wasu sun koma cewa da abinci kaza ba abinci kaza, ban ga laifin haka ba in an faɗa tun farko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zubo wa mutum ɗumamen jiya sannan da yamma a zabge mashi dala ɗari a ce kuɗin abinci. Ruwan sha kuwa ba abin ciniki ba ne sam. Ruwan kwaɓi ma na mai gida ne, kai za ka biya ɗan ga-ruwa, in kuma leburan ne zai riƙa ɗebowa daga famfon unguwa da bido to wannan aiki ne na biyu, a sa mashi kuɗinsa daban. Haka kayan aiki, wanda ya zo da digarsa da baronsa ba daidai yake da wanda ya zo hannu biyu ba, don shi zai kai wa maƙeri in bakin ya dakushe.

Zafi ma kuɗi ne. Wunin watan Disamba da sanyi da hazo daban yake da wunin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 kwano na ƙona hannu, balle in ya haɗu da azumi. Masu hankali suna cewa a fara bayan asuba a tashi da azahar kuma a biya wuni cikakke, wasu kuwa sai su ce ai rabin wuni aka yi su raba kuɗin biyu, alhali su kansu suna kwance ƙarƙashin fanka tun ƙarfe 11. Aikin da ke da haɗari ko ƙazanta, yashe masai, shiga rijiya, hawa bene ba abin dafawa, wannan bai kamata a auna shi da mudun sharar tsakar gida ba. Kuma in mutum ya ji ciwo a cikin aikinka kai shi likita ka biya, ko da ba ku yi wannan maganar ba.

Waɗanda aka fi tauyewa ma ba su ne masu diga ba. Matar da ke zuwa wanki ko surfe ko daka, ta wuni a duƙe tun safe, sau da yawa ba a ma yi mata maganar kuɗi, sai a haɗa mata tsohon zane da ragowar tuwo da ɗan canji a ce Allah ya yi albarka. Da almajirin da za a ce zo ka kwashe ƙasar nan, ya yi awa 5 yana jigila da kwano a ka a sallame shi da abin da bai kai kuɗin koko da ƙosai ba, don an san ba zai yi musu ba. Doka ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, amma ko a bar maganar doka, in aikin na babba ne ka kira babba ka biya shi kuɗin babba, in kuwa yaron ya yi aikin babba to da wace hujja za a biya shi kuɗin yaro.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da tasa gaskiyar. Ba kowane mai ɗaukar lebura ne Alhaji ba ko da an kira shi Alhaji. Malamin lakwal ne da ya shekara 7 yana tara bulo ɗaya bayan ɗaya a filinsa na bayan gari, gwauruwa ce da ɗakinta ke yoyo, ɗan kabu-kabu ne da ke son ya kewaye gidansa. Su ma a matse suke. Amma in kuɗinka ba su kai ba abin da za ka rage shi ne aikin, ba ladan mai aikin ba. Yi ɗaki ɗaya bana ka bar na biyu sai baɗi. Ɗauki mutum biyu maimakon huɗu kai ma ka tuɓe riga ka kama masu. Mai siminti ba ya rage maka don kai talaka ne, mai ƙarfe ma haka, mai tifar yashi ma haka, duk ka biya su cif ba ka ce uffan ba, sai da aka zo kan wanda ya fi kowa rauni a wurin sannan ka tuna kana da iya ciniki. Wasu kuma cewa suke in ka biya da yawa za ka ɓata kasuwa, gobe su ƙi yi wa maƙwabcinka a tsohon farashi. Dala ɗari da ka ƙara wa mutum biyu ba za ta motsa kasuwar garin da ke da dubban masu neman aiki ba, wannan magana ce ta wanda ba ya son a ga nasa ƙoƙon ya fi ƙanƙanta.

Ba kuma ina cewa leburori mala'iku ba ne. Akwai mai karɓar kuɗin kafin alƙalami ya ɓace sai ka gan shi a wani shantiye. Akwai mai rage siminti a kwaɓi ya ɓoye rabin buhu a bayan bulo. Akwai wanda in ya ga mota a ƙofar gida farashinsa ke ninkawa nan take. Haƙƙi ta kowane ɓangare yake hawa, wanda ya karɓi kuɗin wuni ya yi aikin rabin wuni shi ma ya ci abin da ba nasa ba. Maganin wannan dai shi ne abin da na faɗa tun farko, a yi magana a fili, ga aiki ga kuɗi ga lokaci, in jingar babba ce a samu shaida ko a rubuta a takarda ko a tura a saƙon waya, a riƙa biya kashi-kashi yadda aikin ke tafiya. Kuma abin da na lura da shi shi ne wanda ka biya shi da kyau ka biya shi kan lokaci, in ka sake kiransa da gudu yake zuwa kuma ba ya son ya yi maka algus don yana tsoron rasa gidan.

Kan lokaci, wannan ita ce ta ƙarshe kuma ta fi duk sauran ciwo. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito kowa ya haddace shi, a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, har a bayan mota ana rubuta irinsa. Akwai kuma wanda ya fi shi tsoratarwa a cikin Bukhari, mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya karɓi aikinsa cikakke bai ba shi ladansa ba. Duk da haka "dawo gobe" ta zama ruwan dare. Mai gida ya fita, mai gida yana barci, ba canji, albashi bai shigo ba. Kai a wurinka jika biyu ce da za ta iya jira, shi kuwa matarsa ta ɗora tukunya tana jiran ya shigo da awo. Gobe in ya dawo karɓa ya yi asarar safiyar da zai nemi wani aikin, in daga unguwar Kara-Kara ko Garin Malam ya taso zuwa wani gefen gari har da kuɗin kabu-kabu ko tafiyar ƙafa, wato jika biyun ta riga ta ragu tun kafin ta shiga hannunsa. In ka san kuɗin ba sa hannunka yau to kar ka kira shi yau.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne in mai aikin naka ne, ɗan ƙanenka da ya zo daga ƙauye ko maƙwabcin da kuke salla sahu ɗaya. Nan ne "ba za mu ɓata ba" ta fi ƙarfi don faɗin kuɗi sai ya yi kamar an yanke zumunci. Da can akwai gayya, a taru a yi wa mutum yaɓe ko noma ya dafa abinci, gobe shi ma ya je na wani, ba kuɗi a ciki amma kowa ya san za a rama mashi. Yanzu a birni gayyar ta tafi sai sunanta ya rage, mai hali ya kira ɗan uwansa talaka ya yi mashi aikin kwana 3 da sunan zumunci, shi kuwa ba ranar da zai je ya ɗauki kwaɓi a gidan wancan. Satin da ya wuce ɗan yayata ya zo zai gyara mani indararo da bakin soro kafin ruwa, na ce nawa, ya ce haba Kawu. Na ce to ni zan faɗa, jika uku a wuni da abinci, in ya yi maka kaɗan ka faɗa yanzu kafin ka hau. Ya yi dariya ya ce a ƙara dala ɗari saboda tsanin nasa ne ya zo da shi. Na ƙara.